Yadda Ake Rubuta Tarihin Gwagwarmayar Seminole Ba Tare da Mutum Ɗaya Ya Haɗiye Labarin Ba

Duk wanda ya ɗauki alƙalami da niyyar rubuta tarihin yaƙe-yaƙen da al'ummar Seminole, ɗaya daga cikin al'ummomin 'yan asalin ƙasar Amurka, ta gwabza da sojojin Amurka a Florida, sunan da zai fara cin karo da shi shi ne Osceola, kuma idan bai yi hattara ba, da wannan suna zai buɗe rubutunsa, da shi kuma zai rufe. Akwai zanen fuskarsa da George Catlin ya yi, akwai labarin yadda aka yaudare shi aka kama shi, ga kuma mutuwarsa a tsare yana da shekara talatin da 'yan kai. Sai dai Osceola ya rasu ranar 30 ga Janairu, 1838, yaƙin da ake jingina masa kuwa bai tsaya ba sai a watan Agustan 1842, sannan wani yaƙin ya sake ɓarkewa daga 1855 zuwa 1858. Ke nan akwai mutanen da suka riƙe gwagwarmayar har tsawon shekara ashirin bayan an binne shi. Babban aikinka a matsayin marubuci shi ne ka nemo waɗannan mutane, ka gane yadda suke yanke shawara, ka ba kowa matsayin da ya riƙe a zahiri.

Kada ka fara da harbin bindiga. Ka fara da bayyana wa mai karatu su wane ne Seminole tun kafin a kira su abokan gaba. A ƙarni na 18 ne ƙungiyoyin mutanen Creek suka riƙa gangarowa daga yankunan da yanzu ake kira Georgia da Alabama zuwa Florida, wadda a lokacin take hannun Sifaniya, suka kafa garuruwa, suka yi noman masara da kiwon shanu. Ba harshe ɗaya suke yi ba: wasu Mikasuki suke ji, wasu Muskogee. Bayan yaƙin Creek na 1813 zuwa 1814 wasu dubbai suka sake kwararowa gudun hijira, kuma a cikinsu ne Osceola ya zo yana yaro tare da mahaifiyarsa. Haka nan bayin da suka tsere daga gonakin Turawan Amurka sun daɗe suna samun mafaka a wannan ƙasa. Idan mai karatu ya riƙe wannan tun daga shafin farko, ba zai yi mamaki ba idan ya ga wani gari ya amince da ƙaura alhali maƙwabcinsa ya ɗauki makami.

Daga nan sai ka zauna ka fahimci tsarin shugabancinsu, domin nan ne mafi yawan rubuce-rubuce suke tuntuɓe. Kowane gari yana da shugabansa da ake kira micco, kuma mutum yana bin dangin mahaifiyarsa ne, shi ya sa sarauta takan bi ta ɗakin 'yar'uwa maimakon ta sauka kan ɗan cikin shugaba. Akwai jagororin yaƙi da ake kira tustenuggee, akwai kuma masu riƙe da ƙunshin magani da jagorancin bikin sabuwar masara, waɗanda maganarsu take da nauyi ƙwarai a lokacin yaƙi. Shugaba ba ya ba da umarni a bi ido rufe. Sai ya shawo kan majalisa, wanda bai gamsu ba kuma yana iya kwashe iyalinsa ya yi gaba. Micanopy shi ne babban shugaba na gado a lokacin yaƙi na biyu, wato na 1835 zuwa 1842, amma ikonsa bai wuce yardar sauran garuruwa ba. Osceola kuwa bai gaji sarauta ba ko kaɗan. Kaifin baki da jarumtaka ne suka ɗaga shi. Ni kaina a rubutuna na farko kan wannan batu na kira shi sarkin Seminole, kuma wannan kalma guda ta sa duk bayanin da na gina a kanta ya karkace, har sai da na sake aikin daga tushe.

Ka lura da sunaye. Da yawa daga abin da takardun soja suka rubuta a matsayin suna, muƙami ne: micco, tustenuggee, emathla, hadjo. Mutum ɗaya kuma yana iya bayyana da suna biyu ko uku. Halpatter Tustenuggee shi ne wanda Turawa suke kira Alligator, Ote Emathla shi ne Jumper, Coacoochee shi ne Wild Cat, Abiaka shi ne Sam Jones, Holata Micco kuma shi ne Billy Bowlegs. Wannan na ƙarshe kada ka rikita shi da Bowlegs na zamanin yaƙin farko, wanda ya riga shi da shekaru masu yawa. Ka keɓe takarda guda ka jera kowane mutum da dukan sunayensa, garinsa, da shekarun da aka ji ɗuriyarsa. A rubutunka ka fi ba da ƙarfi ga sunan da mutanensa suke kiransa da shi, ka ambaci na Turawa sau ɗaya domin mai neman ƙarin bayani ya iya bin sawu.

Jadawalin shekaru kuma ka ajiye shi kusa da hannunka. A watan Yulin 1816 sojojin Amurka suka tarwatsa wata ganuwa ta baƙaƙen fata masu 'yanci a bakin kogin Apalachicola. Yaƙin farko ya biyo baya a 1817 da 1818, inda Janar Andrew Jackson na sojan Amurka ya kutsa cikin Florida tun tana hannun Sifaniya. A 1821 ƙasar ta koma hannun Amurka. Yarjejeniyar Moultrie Creek ta 1823 ta tattara Seminole a wani keɓaɓɓen yanki mai faɗin eka wajen miliyan 4 a tsakiyar Florida, nesa da gaɓar teku. Dokar kwashe 'yan asalin ƙasa zuwa yammacin kogin Mississippi ta fito a 1830, sai yarjejeniyar Payne's Landing a 1832, sai ta Fort Gibson a 1833. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne tushen rikicin. An tura shugabanni bakwai su je su duba ƙasar da ake son mayar da su, aka sa suka sanya hannu a can cewa sun gamsu, da suka dawo kuwa wasu suka ce tilasta musu aka yi, kuma ko ba haka ba, ba su da ikon yanke wa al'umma hukunci ba tare da majalisa ba. Marubucin da bai fahimci tsarin shugabancin da muka ambata ba zai rubuta cewa Seminole sun karya alƙawari, alhali a ganinsu ba a taɓa ƙulla alƙawarin ba.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi cin lokaci, wato karatun takardun tarihi. Kusan duk abin da aka rubuta a zamanin ya fito ne daga hannun waɗanda suke yaƙar Seminole: rahotannin janar-janar zuwa ma'aikatar yaƙi a Washington, wasiƙun wakilan gwamnati, littattafan tunawa na hafsoshi da likitocin soja, da jaridun garuruwa irin su St. Augustine, inda masu gonakin bayi suke da faɗa a ji. Ba za ka iya yin watsi da su ba, domin a nan ne kwanan wata da adadi suke. Abin da ya kamata shi ne ka yi wa kowace takarda tambayoyi kafin ka ɗauki maganarta: wane ne ya rubuta, wa yake rubuta wa, me yake nema, kuma me zai same shi idan ya faɗi gaskiya tsirararta? Janar ɗin da ya sha kashi yana da dalilin ƙara yawan mayaƙan da suka tare shi, wanda yake neman ƙarin girma kuma yana da dalilin kiran ja da baya nasara.

Ka ɗauki yaƙin tafkin Okeechobee na ranar 25 ga Disamba, 1837, ka gwada wannan hanya a kansa. Kanar Zachary Taylor ya zo da dakaru kimanin 1,000, ya tarar da mayaƙa wajen 400 ƙarƙashin Abiaka, Halpatter Tustenuggee da Coacoochee. Su ne suka zaɓi filin. Sun ja daga a cikin kurmi, tafki yana bayansu, a gabansu kuma fadama ce mai laka da doguwar ciyawa mai kaifi, wadda doki ba ya iya ratsawa. Sun sassare ciyawar domin su riƙa hango mai tahowa, sun kuma sassaƙa kututturan itatuwa inda za su ɗora bakin bindiga. An kashe sojojin Taylor 26, aka jikkata 112, cikin matattun har da Kanar Richard Gentry na 'yan sa kai daga Missouri. A ɓangaren Seminole gawa 11 aka ƙirga. Da suka gama abin da ya kawo su, suka janye da iyalansu. Taylor ya kai rahoton nasara saboda shi ya kwana a filin, ya kuma kama shanu da dawaki. Aka ƙara masa girma zuwa birgediya janar, daga baya ma ya zama shugaban Amurka a 1849. Idan ka kwafi rahotonsa kawai, ka rubuta nasarar Amurka. Idan kuwa ka tambayi abin da kowane ɓangare ya je nema, za ka ga cewa mutanen da burinsu shi ne su tsare mata da yara daga kamu sun cim ma abin da suka sa gaba.

Muryar Seminole kanta tana nan a cikin takardun, amma ƙalilan ce, kuma ta biyo ta bakin tafinta. Mafi daraja a cikinta shi ne bayanin da Halpatter Tustenuggee ya bayar kan harin ranar 28 ga Disamba, 1835, wanda wani hafsa mai suna John T. Sprague ya buga a 1848. A ranar ne aka yi wa Manjo Francis Dade da sojojinsa kimanin 110 kwanton ɓauna a hanyarsu daga Fort Brooke, inda birnin Tampa yake a yau, zuwa Fort King kusa da Ocala. Safiya ce mai sanyi, sojoji sun rufe jakunkunan harsashinsu da manyan riguna, an kuma daina tura 'yan leƙen gefe saboda an fita daga kurmi an shiga sarari. Halpatter ya ce sun fi shekara suna shirin wannan rana, mayaƙansu 180 ne, Micanopy ne ya yi harbin farko bayan Ote Emathla ya ba da alama, kuma mutum uku kawai suka rasa. Sojojin da suka tsira daga ruwan harsashin farko sun sare itatuwa sun yi ɗan shinge mai kusurwa uku, a cikinsa aka ƙarasa kusan dukansu. Ka lura da wanda ba ya wurin: Osceola. A wannan rana yana Fort King, inda ya kashe wakilin gwamnati Wiley Thompson, mutumin da ya taɓa ɗaure shi da sarƙa a watan Yunin shekarar. Wato harin da ya fi kowanne girgiza Amurka a wannan yaƙi wasu ne suka jagorance shi, kuma haɗuwar hare-haren biyu a rana guda tana nuna shiri na majalisa.

Batun tafinta yana buƙatar kulawa ta musamman. Yawancin masu fassara tsakanin ɓangarorin biyu baƙaƙen fata ne, mafi shahara a cikinsu shi ne Abraham, mashawarcin Micanopy. Mutum ne da makomarsa ta rataya a kan abin da ake tattaunawa, domin idan sulhu ya zo da sharaɗin miƙa baƙaƙe ga masu iƙirarin mallakarsu, shi da iyalinsa ne za a sa wa sarƙa. Saboda haka duk jawabin da ka ga an ce wani shugaba ya yi, ka tuna cewa ya ratsa ta kunnen tafinta, ya bi ta alƙalamin hafsa, wataƙila kuma an yi masa ado kafin a buga. Ka faɗa wa mai karatu hanyar da maganar ta biyo, kada ka ajiye ta kamar ka ji da kunnenka.

Wannan ya kawo mu ga baƙaƙen Seminole, waɗanda ba zai yiwu a tura su ƙarshen babi ba. Suna da garuruwansu, irin su Peliklakaha, suna riƙe da bindigoginsu, suna ba shugaban da ke ba su kariya wani kaso na amfanin gona. Kada ka zana dangantakar a matsayin cikakken daidaito, domin wasunsu ana lissafa su a matsayin mallakar wani, kada kuma ka kwatanta ta da bautar gonakin rake da auduga, domin tazarar da ke tsakaninsu babba ce. A ƙarshen 1835 da farkon 1836 an ƙona gonakin rake da ke gabashin Florida, ɗaruruwan bayi suka bi mayaƙan, kuma John Caesar, ɗaya daga jagororin baƙaƙen Seminole, yana cikin waɗanda suka shirya hakan. Janar Thomas Jesup da kansa ya rubuta a ƙarshen 1836 cewa wannan yaƙin baƙaƙen fata ne fiye da na Indiyawa, wato 'yan asalin ƙasar. Sulhun da ya ƙulla a watan Maris na 1837 ya amince baƙaƙen su tafi yamma tare da Seminole, amma masu bayi suka tayar da ƙura, mafarautan bayi suka fara shawagi a kusa da sansanin da aka taru. A watan Yuni Osceola da Abiaka suka zo da dare suka fitar da mutane wajen 700. Idan ka cire batun bauta, mai karatu ba zai taɓa gane dalilin rushewar wannan sulhu ba.

Ka yi taka-tsantsan da labarai masu daɗin ji. An sha zana Osceola yana soka wuƙa a kan takardar yarjejeniya, amma rahotannin waɗanda suka halarci taron ba su tabbatar da faruwar hakan ba. Haka labarin cewa an kama matarsa an sayar da ita baiwa, wanda masu yaƙi da bauta suka yaɗa daga baya, ba shi da tushe mai ƙarfi. Kana iya kawo su a matsayin labaran da aka ƙaga, ka nuna wanda ya amfana da su. Abin da ya tabbata ya isa ya girgiza mai karatu: ranar 21 ga Oktoba, 1837, Janar Joseph Hernández, bisa umarnin Jesup, ya kama Osceola yana ƙarƙashin farar tuta ta neman sulhu, aka tsare shi a Fort Marion da ke St. Augustine, aka mayar da shi Fort Moultrie a South Carolina, bayan ya cika kuma likitan da ya duba shi, Frederick Weedon, ya yanke kansa ya ajiye. Adalci kuma ya wajabta ka rubuta cewa Osceola ne ya kashe Charley Emathla a watan Nuwamban 1835 saboda ya amince da ƙaura. Emathla ba mugu ba ne. Shugaba ne da ya auna ƙarfin abokan gaba ya zaɓi abin da yake ganin zai ceci mutanensa. Ka ba irinsa damar bayyana hujjarsu a shafinka.

Kalmomi ma suna ɗaukar ɓangare. Takardun zamanin sun kira abin da ya sami Dade kisan kiyashi, alhali sojoji ne ɗauke da makamai har da igwa, suna tafiya a fagen yaƙi. Ƙona garuruwa da rumbunan Seminole kuwa sai a kira shi sintiri. Ka yi amfani da ma'auni ɗaya ga kowa. Idan mayaƙan Seminole sun kashe fararen hula a gonakinsu, kuma sun yi hakan, ka faɗa da sunansa. Idan sojoji sun ƙona amfanin gona domin yunwa ta fito da mata da yara daga fadama, shi ma ka faɗa da sunansa. A wajen adadi, ka bambanta wanda aka ƙirga da wanda aka kintata. Sojojin Amurka kimanin 1,500 ne suka mutu a yaƙi na biyu, akasarinsu saboda cuta. Ƙiyasin kuɗin da aka kashe ya sha bamban, daga dala miliyan 20 zuwa 40, don haka ka kawo shi a matsayin ƙiyasi. Seminole kimanin 5,000 ne kafin yaƙin, kuma kusan 4,000 aka kwashe zuwa yamma.

Bayan mutuwar Osceola ne za a gane ko ka yi aikinka. Ka bi Coacoochee, wanda ya tsere daga Fort Marion ta wata 'yar siririyar taga a watan Nuwamban 1837, ya ci gaba da yaƙi har 1841, aka kai shi yamma, sannan a 1850 shi da John Horse, jagoran baƙaƙen Seminole, suka ƙetara da mutanensu zuwa Meziko domin gudun mafarautan bayi da danniyar shugabannin Creek. A can cutar agana ta kashe shi a 1857, kuma zuriyar baƙaƙen da suka bi su, waɗanda ake kira Mascogos, suna nan a Nacimiento da ke jihar Coahuila. Ka bi Holata Micco, wanda ya jagoranci yaƙi na uku bayan wata tawagar sojoji masu awon ƙasa ƙarƙashin Laftanar George Hartsuff ta ɓata masa gonar ayaba a watan Disamban 1855, har zuwa tafiyarsa yamma a watan Mayun 1858. Fiye da kowa, ka bi Abiaka. Dattijo ne tun farkon yaƙi na biyu, mai magani kuma jagoran Mikasuki, wanda sojoji suka saba gani yana kawo kifi sansaninsu. Ya ƙi yarda da ƙaura, ya guji zaman sulhun da aka riƙa kama shugabanni a cikinsa, ya kutsa da mutanensa can cikin fadamun Everglades da Big Cypress da ke kudancin Florida, ya mutu a ƙasarsa bayan an gama yaƙe-yaƙen duka. Takardun soja ba su ce komai mai yawa a kansa ba, domin wanda ba a kama ba ba ya barin dogon fayil.

Wannan giɓi ba ya cikuwa sai da abin da zuriyarsu suka adana, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A yau akwai Al'ummar Seminole ta Oklahoma mai hedikwata a Wewoka, akwai Ƙabilar Seminole ta Florida da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 1957, da Ƙabilar Miccosukee da ta sami nata amincewar a 1962. Gidan tarihi na Ah-Tah-Thi-Ki da ke Big Cypress, wanda aka buɗe a 1997, yana tattara tarihin baka, kuma a wurinsu Abiaka yana da matsayin da littattafan waje ba su ba shi ba. Ka nemi izini kafin ka yi amfani da abin da aka gaya maka, kuma idan aka ce wani sani na ibada ba na bugawa ba ne, ka bar shi. Mutanen Florida suna alfahari da cewa ba a ci su da yaƙi ba, kuma suna da hujja, amma kada wannan ya sa ka rubuta waɗanda aka kai Oklahoma kamar masu rauni, tunda da yawansu a ƙarƙashin farar tuta aka kama su, ko bayan an riƙe 'ya'yansu.

A tarihin baka ne kuma za ka sami matan da rahotannin soja suka ƙirga kawai a matsayin kamammu. Su ne suka riƙa shuka masara da kabewa a ɓoyayyun tsibiran kurmi, suna sarrafa garin saiwar coontie idan an ƙona gonaki, suna kwashe yara a cikin kwalekwale kafin sojoji su iso. Ɗaya daga cikinsu ita ce Emateloye, wadda Turawa suke kira Polly Parker. A 1858 an sa ta a jirgin ruwan Grey Cloud daga tsibirin Egmont Key tare da mutanen Holata Micco. Da jirgin ya tsaya a St. Marks domin ɗaukar itace, ta nemi izinin sauka ta samo ganyen magani, ta sulale da wasu mata, ta yi tafiyar ɗaruruwan mil ta koma yankin Okeechobee. Mutanen da suka rage a Florida a wancan lokaci ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma da yawa daga shugabannin ƙabilar na baya-bayan nan jikokinta ne. Ka sa sunanta a waccan takarda da ka jera su Micanopy da Abiaka, ka rubuta shekarar 1858 a gabansa.